Ingilishi ya tsaya mini a wuya, ga Bak ta matso

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a ajin Tarminal A, ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Maradi. A jarabawar gwaji da muka yi na samu 6 bisa 20 a Ingilishi. Ba wai ba na karatu ba ne. Ina da kaye guda, littafin rubutu, cike da kalmomi da fassararsu da Faransanci, na haddace da yawa. Amma da an ba mu rubutu da tambayoyi sai kaina ya ɗaure. Ina gane kalma ɗaya-ɗaya, in an haɗa su sai in rasa inda zancen ya dosa, lokaci ya ƙare ban kai rabi ba. A gida da salula nake fassarawa, sai in ga kamar na gane. Babana yana biya mini kur, wato ƙarin darasi na yamma, jika biyar duk wata, kuma nauyinsa nake ji in ce masa ban ga canji ba. Ɗiyar kawuna da ke Katsina in ta zo hutu dariya take yi mini in na yi karatu a fili. Saura wata huɗu Bak, jarabawar kammala lise. Wata ƙawata ta ce in rabu da Ingilishin in ƙarfafa Filo da Tarihi. In bi shawararta?

Ɗiyarki daga unguwar Zariya, Maradi

Amin wa alaikis salam, ɗiyata.

A'a, kada ki rabu da shi. Ƙawarki da zuciya ɗaya ta faɗa, amma lissafinta bai fita ba. A Bak kowane fanni ana ninka makinsa da nauyinsa, wato kowefisiyan, kuma ku 'yan A Ingilishi ya fi nauyi a wurinku bisa ga 'yan D. Ɗauki bik ki gwada da kanki: in kika tashi daga 6 zuwa 10, maki huɗu ke nan, ki ninka su da nauyin Ingilishi ki ga abin da zai fito. Irin wannan 'yar tazarar ce ke raba wanda ya wuce tun zagayen farko da wanda aka ce ya dawo zagaye na biyu. Sannan wanne ya fi saurin samuwa cikin wata huɗu, ƙarin maki huɗu a Filo, inda mai duba takarda ke auna zurfin tunaninki, ko a Ingilishi, inda amsar tambayoyi da yawa ke kwance cikin rubutun da aka ajiye miki a kan tebur?

Matsalarki kuma ba ta ƙwaƙwalwa ba ce. Wadda ta haddace kaye guda ba a ce mata daƙiƙiya. Hanyar ce ta yi miki tsawo. Kowace kalma sai kin ɗauke ta daga Ingilishi kin kai ta Faransanci, daga can ki sauke ta a Hausa, kafin ki koma ki ɗauko ta gaba. Kafin ki kai ƙarshen jimla farkonta ya zube. Mai sayen hatsi a kasuwa da tiya yake awo, ba ya zama ƙirgar ƙwaya, ke kuwa ƙirgar ƙwaya kike yi ga agogo yana tafiya. Ita kuma salula, gaskiya ita ce ke fahimtar rubutun, ke kina karɓar rahoto. Shi ya sa a gida kike jin kin gane, a aji kuma abin ya ƙi. Ranar Bak ba za a bar ki shiga da ita ba, gara ki fara sabawa tun yau.

Bari mu zauna a kan ɗan rubutu guda, ki ga abin da nake nufi. Ni na ƙaga shi, amma irin zubin da ake ba ku ne:

"Although the rains came late last year, most farmers in the village did not sell their animals. They had done so during an earlier drought and had regretted it. Instead, they sent their sons to look for work across the border."

A ce ba ki san "drought" ba, ba ki san "regretted" ba. Yadda kika saba, a nan za ki ci birki ki lalubo salula. To, dakata. "Regretted" kin san shi, "regretter" ne na Faransanci, ƙarshensa kawai ya canza. "Drought" kuwa, duba abin da ke kewaye da shi. An fara da ruwan sama da ya makara, ana zancen manoma da sayar da dabbobi, kuma "during" ta shaida miki cewa wani lokaci ne da aka shiga. Wane lokaci ne ke sa manomin Dakoro ko na Mayahi ya ja akuyarsa zuwa kasuwa ba da son ransa ba? Fari. Kin ga kin samo ma'anar ba ki buɗe ƙamus ba. Ko da ma ba ki kai ga fari ba, kika tsaya a kan cewa wani lokaci ne na wahala, ya ishe ki amsa tambaya.

Yanzu ga tambayar gaskiya ko ƙarya: "The farmers sold their animals last year." Ɗalibi mai farautar kalmomi zai hango manoma, sayarwa, dabbobi da bara duk a jimlar farko, ya yi murna ya rubuta gaskiya ne. Ya faɗi, don ya tsallake "did not". Wani kuma zai ga "did not" ɗin, amma jimla ta biyu ta ruɗa shi: ai an ce sun yi. E, sun yi, amma yaushe? "Had done" tana mayar da ke baya ga baya, wato kafin barar da ake magana a kanta, kuma "earlier" ta ƙara tabbatarwa. Ita kuma 'yar ƙaramar "so" ɗin nan, ita kaɗai ta ɗauke maganar sayar da dabbobin gaba ɗaya, don kada a maimaita. "It" da ke ƙarshen jimlar ma sayarwar take nufi, ba farin ba. In aka juya tambayar aka ce dukkan manoman sun riƙe dabbobinsu, nan ma ƙarya ce, don rubutun "most" ya ce, yawancinsu, bai ce "all" ba. Masu shirya jarabawa suna matuƙar son wannan tarkon. Ita kuwa "although" da ta buɗe zancen, tun daga bakin ƙofa ta gaya miki cewa abin da zai biyo baya ya saɓa wa abin da ake tsammani, "instead" kuma ta ce ga abin da suka yi a madadin wancan.

Ki lura, duk kalmomin da suka yanke hukunci a nan ƙanana ne, kuma na tabbata ba su ne suka cika kayenki ba. Kayenki manyan kalmomi ya tara. Ki ware shafi biyu ga waɗannan ƙananan: masu juya zance irin su "but", "however", "yet", "whereas", masu kawo dalili ko sakamako irin su "because", "since", "therefore", da masu kore magana a ɓoye, waɗanda su ne suka fi cin ɗalibai. "Hardly" ba ta da alaƙa da aiki tuƙuru, da ƙyar take nufi, kusan babu. "Few people came" ƙorafi ne cewa mutane ba su zo ba, "a few people came" kuma cewa yake an ɗan samu waɗanda suka zo. "Unless" na nufin in ba haka ba. Kowace ki rubuta ta cikin cikakkiyar jimla, ba ita kaɗai da fassara a gefe ba.

Akwai wata dukiya a hannunki da ba ki lissafa ba, Faransancin da kika sha tun daga firamare. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a can har tsawon ƙarnuka. Sanadin haka, kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin Ingilishi daga Faransanci suka shigo. Rubuce-rubucen jarabawa kuwa sun fi karkata ga ilimi, lafiya, muhalli, yawan jama'a, ƙaura, matsayin mata, kuma dogayen kalmomin waɗannan fannoni su ne kika riga kika sani: "education", "population", "government", "development", "pollution". Saboda haka doguwar kalma kada ta razana ki. Gajerun nan ne abin tsoro, musamman aikatau mai jan 'yar kalma a bayansa. "Give" bayarwa ne, amma "give up" sarewa ne. "Look after" kula ne da wani, "look for" nema ne, "put off" ɗage abu ne zuwa gaba. Su kam sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai kamar da ke tsakanin harsunan biyu tana yaudara a wasu wurare. "Actually" ba yanzu take nufi ba, a gaskiya take nufi. "Library" ɗakin karatu ne, ba kantin sayar da littattafai ba. "Attend" halarta ne, ba jira ba. Wadda ta fi shafarki kuma: da Faransanci duk wanda ya zauna jarabawa ya yi "passer", ko ya ci ko ya faɗi, amma da Ingilishi sai wanda ya ci ake ce wa ya yi "pass".

Abin da zan faɗa yanzu ba lalle ya yi miki daɗi ba: ki koma baya. Rubutun Tarminal ya fi ƙarfinki a halin da kike, kuma fama da shi kullum ba ya koya miki karatu, tsoro yake koya miki. Masana koyar da harshe sun auna wannan abu. Binciken da Paul Nation na ƙasar Niyu Zilan ya yi tare da wata abokiyar aikinsa a shekarar 2000 ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin wajen kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi sosai ba da taimako ba. A rubutu mai kalma 300, kalma shida ke nan baƙi. In kika buɗe shafi kika tarar da baƙi talatin, ba karatu kike yi ba, tonon ƙamus kike yi. Nemi littafin Ingilishi na katriyem da na turwaziyem, azuzuwan ƙarshe kafin a shiga lise, wurin ƙannenki ko na maƙwabta, ki karance rubuce-rubucen da ke ciki tun daga farko, da sauri, kamar mai karanta labari. Babu abin kunya a ciki, kuma ba sai kin yi shela ba. Bayan sati uku ko huɗu ki hau na sagwand, ajin farko na lise, daga nan ki dawo naku. Saurin karatu a kan abu mai sauƙi ake samunsa, sannan a tafi da shi kan mai wuya.

Mu a Maradi ma Allah ya hutar da mu neman abin karantawa. Da yawa daga cikin kayan da ke kanti daga Najeriya suke shigowa ta Jibiya da Dan Isa, kuma bayan kowane kwali akwai Ingilishi: yadda ake dafa taliya, yadda ake shan magani, gargaɗin da ke jikin maganin sauro. Ki mayar da shi ɗabi'a, duk kwalin da ya shigo gidanku sai kin karanta bayansa. In kin sami intanet, ga wata dabara: jaridar Aminiya da ta Daily Trust gida ɗaya ke buga su, kuma sau da yawa babban labarin rana yana fitowa a duka biyun. Karanta shi da Hausa tukuna, sannan ki nemi na Ingilishin. Tunda kin riga kin san abin da ya faru, hankalinki zai koma kan yadda aka faɗe shi. Akwai kuma darussan Muryar Amurka na masu koyon Ingilishi, shirin da aka fara tun 1959, wanda aka gina a kan kalmomi wajen 1,500 da gajerun jimloli. Ranar da kika sami mega ki sauke guda goma ki ajiye.

Lokaci kuma, rabin awa kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi. Na san aikin gida yana jiran 'ya mace, kuma na san zafin Afrilu da Mayu a garin nan ba ya barin kai ya ɗauki komai da rana, da dare kuma wuta sai ta ga dama. Ki roƙi Inna ta bar miki rabin awan bayan sallar asuba, kafin shara. Ki gaya mata wata huɗu ne kawai. A cikin rabin awan, karatun farko ki yi shi a tafi ɗaya, ba bik, ba tsayawa, ko kin gane ko ba ki gane ba. Rufe littafin ki faɗa wa kanki da Hausa, cikin jimla biyu, wa ake magana a kai kuma me ya faru. In kin kasa, sake karantawa. A karatu na biyu ki ɗauki fensir, duk inda kika ga "he", "they", "it", "this", "which", ki ja kibiya zuwa abin da suke nufi. Wannan aikin kibiyar, in kika riƙe shi sati biyu, za ki ga bambanci da idonki. Sai a ƙarshe ki buɗe ƙamus, kuma kalma biyar kawai na yarje miki, waɗanda rashinsu ya hana ki gane zancen. Sauran ki bar su, za ku sake haɗuwa.

Sau ɗaya a sati ki ɗauki tsohuwar takardar Bak, ki miƙa wa Inna salula, ki ajiye agogo a gabanki, ki yi ta daga farko har ƙarshe cikin lokacin da aka rubuta a kanta. In kin gama kada ki tsaya a kan makin. Kowace amsa da kika kuskure ki tambayi kanki a ina aka rabu: tambayar ce ba ki gane ba, ko wata kalma ce ta kayar da ke, ko lokaci ne ya ƙure? Kowanne maganinsa daban.

A ɗakin jarabawa, fara da take da sunan inda aka ciro rubutun, sannan ki karanta tambayoyin kafin rubutun kansa, don ki shiga kin san abin da kike nema. Sa wa kowane sakin layi lamba, ki rubuta kalma biyu ko uku a buruyon, takardar gwajin rubutu, game da abin da ya ƙunsa. Yawanci tambayoyin suna bin jerin rubutun ne, amsar ta farko tana sama, ta ƙarshe tana ƙasa, saboda haka ba sai kin koma farko kowane karo ba. In an ce ki kawo hujja, ciro guntun jimlar da ta tabbatar da amsarki, ita kaɗai. Masu kwafe sakin layi sukutum suna fatan amsar tana ciki, mai duba takarda ya san wannan wayon tun kafin a haife su. In an yi tambaya da "did", amsa da aikatau na abin da ya wuce. Gajeriyar jimla sahihiya ta fi doguwa mai karaya a tsakiya. Tambayar da ta ƙi, wuce ta ki dawo, amma kada ki fita kin bar fili fari, kuma ki tanadi lokacin rubutun insha'i tun farko.

Ɗiyar kawunki kuwa, ki bar ta ta yi dariyarta. Ita lissafi, kimiyya, tarihi, duk da Ingilishi ake koya mata tun tana ƙarama, da shi za ta rubuta WAEC da NECO, jarabawarsu ta kammala sakandare. Ke a siziyem kika fara, bayan firamare, 'yan awoyi a sati. Miƙa mata darasinku na Filo da Faransanci ki ga inda dariyar za ta koma. Sannan takardar rubutu ba ta jin lafazin kowa. Da ni ce ke, aiki zan ba ta: ta aiko miki da littattafanta na ƙaramar sakandare da ta gama da su, kuma ki riƙa tura mata sakin layi ta WhatsApp ta karanto miki da murya, kina bi da ido. Wanda aka roƙa taimako ba kasafai yake ci gaba da ba'a ba.

Kada ki ɗauka kuma ranar da aka fito daga Bak an gama da Ingilishi. Kundin sake gina ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021, mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya, a Maradi zai tuƙe. Ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kika shiga a nan gida, za ki tarar da yawa daga cikin sababbin rubuce-rubucen bincike da Ingilishi aka yi su.

Saura maganar Baba da jika biyar ɗinsa. Kafin ki je wurinsa, fara zuwa wurin mushen da ke yi muku kur. Mai yiwuwa dokokin nahawu yake cika muku allo da su kuna kwafa, don yana ganin abin da kuke so ke nan, ba wanda ya taɓa ce masa ga inda ke yi muku ciwo. Ki ja ƙawaye biyu ku same shi bayan darasi, cikin ladabi, da takardar gwajinki a hannu. Ku ce, "Mushe, a wurin rubutu da tambayoyi muke faɗuwa, muna roƙon a riƙa ba mu guda kowane zama, mu yi da agogo, a gyara tare." Malamai da yawa daɗi suke ji in ɗalibi ya zo da buƙata takamaimai. Ki ba shi sati biyu. In abin ya canza, shi ke nan, kuɗin Baba sun sami wurin zama. In bai canza ba, to, ki sami Baba lokacin da ya huta, ko ki bi ta wurin Inna in bakinki zai yi nauyi. Kada ki ce masa kur ba shi da amfani, sai ya ji kamar asara ya yi. Ki nuna masa takardar, ki ce ga inda makin ke zubewa, kina roƙon a mayar da kuɗin wata ɗaya ga fotokofin tsofaffin takardun Bak da ƙaramin ƙamus na takarda, sauran watannin kuma a nemo wanda zai riƙa duba miki takarda ɗaya duk sati yana nuna miki kuskurenki da jan bik.

Allah ya ba da sa'a, ki gaida Inna.

Malama